Matan da suka riƙe kujerar edita a farkon zamanin littattafan kwamik na Amurka

Malama Hadiza ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka san tarihin littattafan labari cikin zane na Amurka, waɗanda ake kira kwamik. Na daɗe ina bibiyar shekarun farko na wannan sana'a, wato daga fitowar Superman a 1938 zuwa tsakiyar shekarun 1950, kuma duk inda na duba sunayen maza nake cin karo da su, irin su Jerry Siegel da Joe Shuster da Will Eisner da Jack Kirby da Stan Lee. Idan aka ambaci mace, galibi mai zane ce, kamar Lily Renée wadda ta tsere daga birnin Vienna tana yarinya, ta zo ta yi suna a kamfanin Fiction House. Ni kuwa waɗanda nake nema su ne matan da suka zauna a kujerar edita, masu karɓar labari ko mayar da shi, masu zaɓen wanda zai zana shi, masu cewa wannan shafi ba zai je wurin bugu ba sai an gyara.

Suna ɗaya tak na samu, shi ne Dorothy Woolfolk, kuma kullum da magana guda ake haɗa shi, cewa ita ce ta kawo kiriptonait, dutsen nan da ke karya lagon Superman. Zuciyata ba ta amince cewa mace ɗaya ce kaɗai ta yi wannan aiki a sana'ar da ke sayar da miliyoyin kwafi kowane wata ba. Su wa da wa ne sauran? Shin iko na gaske ne a hannunsu, ko kuwa muƙami ne na suna kawai? Kuma me ya jawo tarihi ya yi shiru a kansu? Zan yi godiya ga duk wanda ya haskaka mini.

Malam Kabiru ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, domin amsarta ce mabuɗin sauran. A wancan zamani littafi ɗaya yakan kai shafi 64, a sayar da shi santi 10, kuma hannaye da yawa ne suke haɗa shi cikin gaggawa: marubuci, da mai zanen fensir, da mai bi da tawada, da mai rubuta haruffa, da mai sa launi. Kamfanoni ba su damu da buga sunayen waɗannan mutane ba, kuma sau da yawa sunan aro guda ake liƙa wa aikin mutane da dama. Edita ya fi kowa ɓoyuwa, saboda shi aikinsa idan ya yi kyau ba a ganin alamarsa a shafi. Inda ake samun sunansa shi ne cikin ƙananan haruffan da ke ƙasan shafin farko, ko cikin sanarwar mallaka da doka ta wajabta wa mujallu su buga sau ɗaya a shekara kafin gidan waya ya ba su rangwamen kuɗin aikawa. To idan editoci maza ma da ƙyar ake gano su, ina ga mace wadda aure kan sauya mata suna a tsakiyar aikinta?

Ita kanta matar da kika ambata misali ce. Lokacin da ta shiga kamfanin All-American Publications na Max Gaines a 1942, sunanta Dorothy Roubicek, sai daga baya ta auri marubuci William Woolfolk. An haife ta a 1913, ta yi aiki tare da edita Sheldon Mayer har zuwa 1944, daga nan ta koma Timely, kamfanin da ya zama Marvel, sannan ta taɓa aiki a wani kamfanin kwamik mai suna EC. A ganina, abin da ya fi nuna matsayinta shi ne rikicin da ya taso a 1943 kan Wonder Woman. Josette Frank, wadda ke cikin kwamitin ba kamfanin shawara kan abin da ya dace yara su karanta, ta rubuta wa Gaines takardar ƙorafi game da shigar jarumar da kuma yawan ɗaure mata da sarƙoƙi da igiyoyi a cikin labaran. Gaines bai miƙa maganar ga kowa ba sai Roubicek. Ta ba da shawarar a rage kai labarin tsibirin da jarumar ta fito, tun da can ne irin waɗannan hotuna suka fi yawa, ta zana samfurin wata shiga mai ɗan rufe jiki, sannan ta je asibitin Bellevue da ke New York ta gana da Lauretta Bender, likitar ƙwaƙwalwar yara, ta dawo ta rubuta wa maigidanta rahoton abin da likitar ta ce. William Moulton Marston, wanda ya ƙirƙiri jarumar, ya yi fatali da shawarwarinta, yana kafa hujja da cewa watanni kaɗan ta yi a sana'ar, shi kuwa masanin halayyar ɗan'adam ne. Maganarsa ce ta yi rinjaye.

Wannan labari ya amsa tambayarki ta biyu daidai gwargwado. An amince da hankalinta har aka ɗora mata matsalar da ta fi damun kamfanin, amma da aka zo yanke hukunci sai aka bi ra'ayin wanda ya fi ta suna.

A kan wannan mujalla kuma akwai wasu mata uku da ya kamata ki sani. Alice Marble, zakarar wasan tenis da ta lashe gasar Wimbledon a 1939, an buga sunanta a matsayin mataimakiyar edita, kuma da sunanta aka buɗe wani sashe na tarihin fitattun mata wanda ya fara da Florence Nightingale a fitowar farko ta 1942. Sai Joye Hummel, wadda ta rubuta labarai fiye da 70 tsakanin tsakiyar shekarun 1940 da 1947, dukansu suka fita da sunan aron Marston, wato Charles Moulton, kuma ba a karrama ta a bainar jama'a ba sai a 2018 da aka ba ta lambar yabo ta Bill Finger, tana da shekara fiye da 90. Ta ukun ita ce Elizabeth Holloway Marston, wadda bayan mutuwar mijinta a 1947 ta nemi kamfanin ya ba ta ragamar mujallar, aka hana ta, aka damƙa wa Robert Kanigher, shi kuma ya riƙe ta kusan shekara 20.

Hajiya Rabi ta amsa:

Malam Kabiru, Allah ya ƙara sani, bayaninka ya gamsar. Sai dai ina da ja a wuri ɗaya. Duk misalan da ka kawo daga gida ɗaya suke, wato kamfanin da ya zama DC, kuma duk sun ƙare da an danne mace. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka ko'ina haka abin yake, alhali akwai matan da maganarsu ita ce ta ƙarshe a wuraren aikinsu. Dalilin da ya sa ba a jin labarinsu shi ne kamfanoninsu sun mutu, ko kuma ba su buga jaruman da ake yi wa fina-finai a yau ba. Masu sha'awar Superman da Batman ne suka fara tattara tarihin wannan sana'a a shekarun 1960, don haka abin da suke so shi suka adana.

Ki ɗauki Ruth Roche, Malama Hadiza. A 1940 ta fara rubuta labarai a ɗakin aikin Jerry Iger, irin wuraren nan da ke haɗa littafi sukutum su sayar wa kamfanonin da ba su da ma'aikatan kansu. Ta tashi daga marubuciya ta zama edita, daga nan ta zama abokiyar kasuwancin Iger, har aka riƙa kiran wurin da sunayensu su biyu. Ta rubuta labaran Sheena da na Phantom Lady, ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Matt Baker, ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka yi fice a zanen kwamik, kuma a shekarun 1950 ita ce editar littattafan Ajax-Farrell. Ta zauna a wannan wuri har ya rufe a 1961. Kusan shekara 20 ke nan tana raba wa maza aiki, amma daga cikin sunayen aron da ta yi amfani da su har da Rod Roche, wanda duk mai karatu zai ɗauka namiji ne.

Haka nan Rae Herman, wadda a wurare da dama aka rubuta sunanta Ray, shi ma sunan da ya fi kama da na maza. Ta fara daga ƙasa a kamfanonin Frank Temerson, daga baya ta zama edita kuma mai hannun jari a Orbit Publications tare da wata mace, Marjorie May. Su ne suka buga Wanted Comics, mujallar labaran masu laifi, da Love Diary ta soyayya. Lokacin da kamfanoni suka kafa ƙungiyarsu ta farko, wadda ta fitar da ƙa'idojin tace kai a 1948 saboda ƙorafin iyaye da malamai, Herman tana cikin shugabanninta, kallabi tsakanin rawuna.

Wadda ta fi su duka ƙarfi kuwa ita ce Helen Meyer ta kamfanin Dell. Na san za a ce ita shugabar kamfani ce ba edita ba, kuma gaskiya ne, domin Western Printing ne ke shirya abin da ke cikin littattafan. Duk da haka ba zan iya tsallake ta ba. Ta shiga Dell a 1923 a matsayin ƙaramar ma'aikaciyar ofis tana budurwa, ta hau har ta zama mataimakiyar shugaba, daga baya shugaba. A 1954, da kwamitin Majalisar Dattawan Amurka mai binciken kangarar yara ya zauna a kan littattafan kwamik, ita ce ta tsaya ta kare Dell, kamfanin da ya fi kowa ciniki a lokacin da littattafan Donald Duck da Bugs Bunny da Little Lulu. Da sauran kamfanoni suka kafa hukumar tace littattafai a wannan shekara, Dell ya ƙi shiga, bisa hujjar cewa bai taɓa buga labaran ban tsoro da na ta'asa ba, don haka ba zai bari a yi amfani da kyakkyawan sunansa a wanke waɗanda suka buga ba. Ƙin shiga hukumar ya durƙusar da wasu, domin 'yan kasuwa ba sa karɓar littafin da ba shi da hatiminta, amma Dell ya ci gaba da cinikinsa lafiya lau.

Akwai kuma maganar da ake yawan yi, cewa Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe wa mata ƙofa da aka kwashe maza zuwa soja bayan Disamba 1941. Wannan ya tabbata ga masu zane, musamman a Fiction House, inda Fran Hopper da Ruth Atkinson da Lily Renée suka samu aiki, kuma da yawa daga cikin matan da suka shigo a lokacin sun bar sana'ar bayan 1945. Amma Meyer ta riga shigar Amurka yaƙin da shekara 18, Roche ta shiga tun Amurka ba ta shiga yaƙin ba, kuma Herman bayan yaƙin ne tauraronta ya haska. Ina ganin ƙanƙantar da sana'ar kanta ya taimaka ƙwarai: aiki ne da masu ilimi suka raina, albashinsa kaɗan, don haka ba a tsare ƙofarsa kamar yadda aka tsare ta manyan jaridu ba.

Aminu ya amsa:

Malam da Hajiya, na ƙaru da ku ƙwarai. Ni ƙarin da zan yi a kan kiriptonait ne kawai, tun da Malama Hadiza da shi ta fara. Tushen maganar hira ce da Dorothy Woolfolk ta yi da wata jaridar jihar Florida a 1993, inda ta ce ta ga jarumin da babu abin da ke iya cutar da shi bai da daɗin karatu, don haka ta nemi a samar masa rauni. Wannan tunani ne na edita na ƙwarai, kuma babu dalilin ƙaryata cewa ta faɗe shi a ofis. Amma jerin shekarun yana da muhimmanci. Tun a 1940 Jerry Siegel ya rubuta wani labari da ba a buga ba, mai ɗauke da wani ƙarfe daga duniyar Krypton da ke raunana Superman. A 1943 dutsen ya bayyana da sunansa a wasan kwaikwayon Superman na rediyo. Bai shiga littafin ba sai a fitowa ta 61 a 1949, a labarin da Bill Finger ya rubuta, kuma a wancan karon ja ne ba kore ba. A 1949 kuwa ta riga ta bar All-American da shekara biyar.

Abin da ke damuna shi ne an rataya dukan darajarta a kan magana ɗaya da ake iya musantawa, alhali aikinta na 1943 da Malam ya bayyana yana nan a rubuce cikin takardun kamfani. Duk wanda ya ci nasarar rushe maganar dutsen sai ya ɗauka ya gama da ita, kuma wannan zalunci ne a gare ta.

Malama Hadiza ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Malam Aminu, na karɓi gyaranka, kuma daga yau ba zan maimaita maganar dutsen ba tare da wannan bayani ba. Hajiya, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Na lura cewa bayan 1947, da Joe Simon da Jack Kirby suka fito da Young Romance kuma labaran soyayya suka cika kasuwa, sunayen matan da ake gani a DC duk a wannan sashe suke. Shin wannan ba wata hanya ce ta killace su a lungu ba, a ce musu ga naku nan, ku bar wa maza jarumai? Idan haka ne, anya ya dace a kira su masu share fage, tun da fagen da aka ba su an riga an kewaye shi?

Hajiya Rabi ta sake amsawa:

'Yar'uwa, killacewar ta faru, ba na musu. A DC, Zena Brody da Ruth Brant da Phyllis Reed sun gaji juna a kan littattafan soyayya, kuma babu wadda aka miƙa wa Superman ko Batman a cikinsu. Amma ki tuna cewa a farkon shekarun 1950 kasuwar jarumai ta faɗi warwas, har yawancinsu suka daina fitowa, yayin da labaran soyayya suke cikin waɗanda suka fi kawo kuɗi. Lungun da aka tura su a lokacin yana cikin masu ciyar da gidan. Phyllis Reed, wadda ta riƙe sashen daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, ita ce ta yi aiki da John Romita shekaru kafin ya koma Marvel ya karɓi zanen Spider-Man a 1966, kuma ƙwarewarsa wajen zana fuskoki da damuwar zuci, wadda ta sa aka so aikinsa a can, a teburin labaran soyayya ya goge ta. Hatta shahararren hoton matar da ke nutsewa a ruwa wanda mai zane Roy Lichtenstein ya yi a 1963, daga wani shafi na Secret Hearts ya kwaikwayo shi, mujallar wannan sashe.

Sannan ba duka aka killace ba. A ofishin Western da ke Los Angeles, Eleanor Packer ce editar da ta ba Carl Barks aikin gajerun labaran Donald Duck a 1943, kuma daga labaran Donald Duck na Barks ne Uncle Scrooge ya fito a 1947. A kamfanin Gilberton, mai mayar da manyan littattafan adabi zuwa zane da sunan Classics Illustrated, Roberta Strauss Feuerlicht ta shiga a farkon shekarun 1950 ta kai ga shugabancin editoci. An san ta da tsananin bin diddigi, tana mayar wa manyan masu zane shafukansu idan tufafi ko makamai ba su dace da zamanin labarin ba, kuma daga baya ta zama marubuciyar tarihi. Wasu masu zanen sun ji haushinta, ni kuwa wannan haushi shi ne shaidata cewa ikon nata na gaske ne.

Game da ko an yi musu adalci, ƙarshen labarin Woolfolk yana da ciwo. Ta koma DC a 1971 ta karɓi littattafan soyayya da na Lois Lane, ta kuma taɓa Wonder Woman na ɗan lokaci, tana shigar da batun 'yancin mata cikin labaran. A 1972, shekarar da Ms., mujallar masu fafutukar 'yancin mata, ta sa Wonder Woman a bangonta, aka raba ta da aikin. Kanigher ya dawo kan mujallar, kuma a fitowa ta 204, a farkon 1973, an nuna wani ɗan bindiga ya harbe wata editar mujallar mata mai suna Dottie Cottonman. Dottie taƙaitaccen Dorothy ne, kuma farkon sunan Woolfolk yana nufin ulu, na Cottonman kuwa auduga, don haka duk wanda ke ofishin ya san wadda ake nufi. Na karanta wannan shafi sau ɗaya, kuma har yau idan na tuna shi raina yakan ɓaci. Shekara uku bayan haka, a 1976, aka naɗa Jenette Kahn shugabar ɗab'i ta kamfanin tana da shekara 28. Woolfolk ta rayu ta ga wannan, domin sai a 2000 ta rasu.

Idan kina so ki ci gaba da binciken da kanki, ki fara da littattafan Fawcett, kamfanin Captain Marvel, domin su sukan buga sunayen editocinsu a saman shafin farko har zuwa lokacin da suka bar sana'ar a 1953. Za ki ga an rubuta V. A. Provisiero a kan littattafan kaboyi da na Nyoka, za ki kuma ga M. Shull. Ta farkon Virginia ce, ta biyun kuma Mercedes.